Shekara 68 a Filin Wasa: Joan Joyce da Mu Masu Jiran Ritaya

Duk lokacin da maganar ritaya ta taso a dandalin nan, abu biyu muke tattaunawa: fansho da garatuti. Nawa za a ba mutum, yaushe za a ba shi, wa ya riƙe kuɗin. Magana ce mai nauyi, kuma ta shafe ni kai tsaye, domin ma'aikacin gwamnati ne ni, na kuma fi kusa da ƙofar fita a kan ƙofar shiga. Amma akwai tambaya ta uku da ba mu cika yi ba. Ranar Litinin ta farko bayan ka miƙa makullin ofis, da ƙarfe takwas na safe, ina za ka? Wa ke jiran ka a can? Wa zai lura in ba ka zo ba?

Tambayar nan ce ta sa tarihin wata Ba'amurkiya mai suna Joan Joyce ya tsaya mini a rai. Ta shiga filin wasa a 1954 tana yarinya, ba ta bar shi ba sai da mutuwa ta raba su a 2022, tana da shekara 81. Wasan nata ba namu ba ne, ƙasar ma ba tamu ba ce, amma abin da ya riƙe ta a fili tsawon shekara 68 ya cancanci mu dube shi. Rubutun yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri, a samu wuri a zauna.

Bari in fara da wasan kansa, tun da yawancinmu ba mu taɓa kallon sa ba. Sunansa sofbol, ƙanen besbol ne. Ƙungiya biyu ce ke karawa. Mai jifa ya jefo ƙwallo, mai kulki ya make ta, ya yar da kulkin ya ruga ya zagaye tasha huɗu da aka jera a kusurwoyin fili. In ya dawo inda ya tashi ba a tare shi ba, ƙungiyarsa ta ci maki ɗaya. In kuwa aka jefo masa ƙwallo mai kyau har sau uku ya kasa buga ta, ya fita. Mutum uku suka fita, sai a yi musanya, masu bugu su koma tsaron fili. Haka za a yi ta yi har zagaye bakwai. Bambancinsa da besbol shi ne ƙwallon ta fi girma, kewayenta inci 12 ne, ta besbol kuwa wajen inci 9. Filin ya fi ƙanƙanta, tsakanin tasha da tasha ƙafa 60 ne maimakon 90. Sannan jifan ta ƙasa ake yin sa, hannu ya wuce ta gefen cinya. Ma'anar sunan ita ce ƙwallo mai laushi, amma duk wanda ta taɓa samu a ƙwauri zai gaya maka sunan yaudara ne.

Asalin wasan ma abin dariya ne. A 1887, a wani kulob na masu tseren kwale-kwale a birnin Chikago, wani ya ɗauki safar dambe ya jefi abokinsa da ita, shi kuma ya make ta da sanda. Wani ɗan jarida da ke wurin, George Hancock, ya ɗaure safar ta zama kamar ƙwallo, ya zana fili da alli a ƙasa, aka fara wasa. A 1895 wani jami'in kashe gobara a Minneapolis, Lewis Rober, ya shirya wa 'yan kwana-kwana irin wannan wasa don su riƙa motsa jiki a lokacin da suke zaman jiran kira. Ka ga ke nan ma'aikatan gwamnati irinmu suna cikin waɗanda suka raini wasan tun yana jariri. A 1933 aka kafa ƙungiyar ƙasa ta masu buga shi don sha'awa, wato waɗanda ba a biyan su albashi. Daga nan ya zama wasan ma'aikatan masana'antu da na ofisoshi da na unguwanni, a tashi aiki da yamma a wuce fili.

A cikin irin wannan duniya aka haifi Joan Joyce a watan Agustan 1940, a garin Waterbury na jihar Connecticut, garin da ya yi suna da masana'antun tagulla. Mahaifinta ɗan sofbol ne, shi ke jan ta zuwa fili. Ba ta wuce shekara 14 ba ta samu shiga ƙungiyar mata ta Raybestos Brakettes da ke garin Stratford. Raybestos kamfani ne mai ƙera kayan birkin mota, sunan ƙungiyar ma daga kalmar birki aka samo shi. A 1958, a wasan ƙarshe na gasar ƙasa, babbar mai jifan ƙungiyar, Bertha Tickey, ta ji rauni. Aka miƙa wa yarinyar nan ƙwallo ta ƙarasa wasan, kuma a ranar ƙungiyar ta ɗauki kofin ƙasa karo na farko.

Alƙaluman da ta bari a wasan sha'awa, in ba don a rubuce suke ba, da sai a ce ƙari ne. A matsayin mai jifa ta ci wasa 753, aka ci ta 42. Sau 150 ta kammala wasa babu wadda ta samu bugun kirki a kanta. Sau 50 ta yi abin da suke kira cikakken wasa, wato daga farko har ƙarshe babu ko mutum ɗaya daga abokan karawa da ya taka tashar farko. Masu bugun da ta fitar da jifa sun haura 10,000. Ga masu kallon ƙwallon ƙafa, kwatanta mai tsaron gida da zai yi shekara ashirin a raga, a yawancin wasanninsa ba a ma samu damar auna ragar ba, balle a ci.

Abin da ya fi fito da sunanta shi ne wani wasan neman taimako da aka shirya a Waterbury a 1961, don tara kuɗin jinyar yara masu ciwon daji. An gayyato Ted Williams, ɗaya daga cikin gwanayen bugu mafi shahara a tarihin besbol, wanda bai fi shekara guda da yin ritaya ba. Shi ne wanda a kakar 1941 ya yi nasara a fiye da kashi 40 cikin 100 na damar bugunsa, kuma tun daga lokacin ba a sake samun wanda ya kai nan ba a gasar da ya buga. Aka tsayar da shi gaban wannan budurwa, filin ya cika maƙil. Ya yi mintuna yana kai wa iska duka, in ya taɓa ƙwallon ma sai ta baɗe gefe. Ƙarshe ya yar da kulkin ya fice. A 1978 ta sake yi wa wani gwarzon, Hank Aaron, irin wannan.

Labarin Ted Williams shi kowa ke so, shi ake ta maimaitawa. Ni kuwa abin da ya biyo baya ya fi jan hankalina. Ta koma Kalifoniya karatu, ta buga wa Orange Lionettes daga 1964 zuwa 1966, ta ci kofin ƙasa da su a 1965, sannan ta dawo Brakettes. A tsakanin nan ta buga wa Amurka ƙwallon kwando, har ta taɓa zuba maki 67 a wasa ɗaya, ta kuma taɓa ƙwallon raga. A 1974 ta jagoranci Amurka ta ɗauki kofin duniya na sofbol na mata karo na farko, bayan Ostireliya ta ɗauka a 1965, Japan kuma a 1970. Duk wannan fa ba da albashin ɗan wasa ba. Shekara 21 tana zuba gumi a wasan da ba ya ciyar da mai yin sa.

A 1976 ita da shahararriyar 'yar tanis Billie Jean King da wasu suka kafa gasar ƙwararru ta mata, don 'yan wasa su fara samun abin sawa a aljihu. Ƙungiyarta, Connecticut Falcons, ta cinye duka kofuna huɗun da aka buga, sannan gasar ta durƙushe saboda rashin kuɗi. A lokacin tana dab da shekara 40. Ga mafi yawan 'yan wasa nan ne ƙarshen labari, sai zaman ba da tarihi.

Ita kuwa tun a 1977 ta riga ta shiga gasar ƙwararrun golf ta mata, wasan da ba ta tashi da shi ba. Ta yi shekara 19 a ciki, kuma ba ta taɓa ɗaukar kofi ko ɗaya ba. A tsaya a yi tunani a nan. Matar da duk faɗin ƙasar babu kamarta a fanninta ta yarda ta koma ɗaya daga cikin taro, ana karanto sakamako sunanta na tsakiya, shekara da shekaru, ba ta yi fushi ta tafi gida ba. Duk da haka ta bar tarihi a can ma: a 1982 ta kammala ramuka 18 da ƙananan bugu 17 kacal na tura ƙwallo cikin rami, alhali ƙwararru kan buƙaci wajen 30.

Tana da shekara 54, shekarun da mu nan muke fara lissafin watannin da suka rage mana, jami'ar Florida Atlantic ta ɗauke ta ta kafa ƙungiyar sofbol daga tushe. Suka fara buga wasa a 1995. Ta horar da su kaka 28, ta haɗa da horar da 'yan golf na jami'ar na tsawon shekaru. Ƙungiyar ta cika nasara 1,000 a ƙarƙashinta 'yan kwanaki kafin ta mutu a watan Maris na 2022. Har ranar da ta bar duniya sunanta na cikin jadawalin aiki, akwai 'yan mata da ke jiran umarninta.

To, mene ne ya riƙe ta? Amsa mafi sauƙi ita ce baiwa, kuma ba a musun baiwar. Amma mun sha ganin masu baiwa da suka ɓace suna da shekara 30. Abin da na lura da shi shi ne a kowane mataki na rayuwarta akwai wata ƙofa a buɗe. Tana yarinya, akwai kamfanin da ya gina fili ya ɗauki nauyin ƙungiyar mata. Tana budurwa, akwai gasar ƙasa mai tsari da ke rubuta kowane jifa, shi ya sa yau nake iya kawo muku 753 da 42. Da ƙarfin hannu ya fara raguwa, akwai wani wasan da ba ya buƙatar gudu. Da wannan ma ya ƙare, akwai jami'o'in da dokar 1972 ta hana su nuna wa mata bambanci a harkar ilimi, har da wasanni, saboda haka suna ta buɗe ƙungiyoyin mata suna neman masu horarwa. Baiwar tata ce, amma ƙofofin wasu ne suka gina su.

Kada kuma a ɗauka komai na can zuma ne. Kamfanin birkin nan da ya raini ƙungiyar da sinadarin asbestos yake aiki, kuma daga baya aka gano sharar masana'antarsa ta gurɓata wurare da dama a Stratford, har da tsohon filin da aka yi wasannin. Gwamnatin tarayya ce ta shigo aikin tsabtace garin. Kamfanin ya karye, amma ƙungiyar Brakettes ta nemi wasu masu ɗaukar nauyi ta ci gaba. Darasin da na ɗauka a nan shi ne ƙungiyar da ke da mambobi da tsari tana iya rayuwa bayan mutuwar ubangidanta. Mu da muka ga yadda ƙungiyoyin ƙwallon kamfanoni a Kaduna da Kano suka bi masana'antunsu kabari mun san darajar wannan.

Wani zai ce ai Joan Joyce ɗaya ce a cikin miliyan, me ya haɗa ta da mai matakin albashi na 12 da gwiwa ke damu? Gaskiya ne. Shi ya sa nake so mu dubi ɗaya ɓangaren wasan, na dattawan da ba su taɓa fitowa a jarida ba.

A birnin St. Petersburg na jihar Filorida akwai wani kulob da aka kafa a 1930, ana ce masa Kids and Kubs. Sunayen biyu duk ƙananan yara suke nufi, ɗaya na mutane, ɗaya na namun dawa. Sharaɗin shiga da aka kafa shi a kai shi ne mutum ya kai shekara 75. Wata mata ce, Evelyn Barton Rittenhouse, ta assasa shi. Sun yi suna da fararen kaya da ɗan ƙaramin baƙin lakataye a wuya, suna fitowa fili sau da yawa a mako a lokacin sanyi, kuma an sha samun waɗanda suka haura 90 suna riƙe da kulki. Kulob ɗin yana nan har yau, ya doshi shekara ɗari. Wanda ya shiga yana da 75, a wurinsu sabon yaro ne, shi ake aike.

Daga irin wannan abin ya bazu. A 1987 aka fara gasar wasannin dattawa ta ƙasa a St. Louis, ana yin ta duk bayan shekara biyu, ga waɗanda suka kai 50, kuma sofbol na ciki. A shekarar ce kuma aka fara wata makamanciyarta a garin St. George na jihar Utah, wadda ake yi duk watan Oktoba. Akwai ƙungiyoyi irin su Senior Softball USA da aikinsu ke nan, shirya wa dattawa gasa a faɗin ƙasar. Mutum zai fara wasa a ƙungiyar masana'anta yana da shekara 20, ya yi ta bugawa har 80, shekara sittin cur, bai taɓa karɓar ko sisi ba, hasali ma shi ke biyan kuɗin rajista da na mota.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suka zauna suka gyara dokokin wasan don su dace da jikin da ya manyanta. An raba 'yan wasa rukuni-rukuni na shekara biyar-biyar: 50, 55, 60, 65, har sama da 80. Sannan a kowane rukuni an sake raba su bisa ƙarfi, don kada a haɗa tsohon gwani da wanda ya fara jiya. Jifan a hankali ake yin sa, ƙwallo ta yi sama ta sauko, ba irin harsashin Joan Joyce ba. Tashar farko biyu ce a manne, ɗaya ta mai gudu, ɗaya ta mai tsaro, don kada a taka juna. A tashar ƙarshe, inda aka fi yin karo, an ware wa mai gudu nasa wurin daban, ba ya ma kusantar mai tsaro. Akwai layin da in ka wuce shi ba ka da ikon juyawa baya, saboda juyawar gaggawa ita ke tsinka jijiya. Wanda ke iya bugu amma gwiwa ta hana shi gudu, in ya kai tasha sai wani ya karɓe shi. Kuma a kowane zagaye, ban da na ƙarshe, in ƙungiya ta ci maki biyar sai a yi musanya, don kada a bar dattawa tsaye a rana ana ta lallasa su.

Ka duba kowace doka a nan, za ka ga wani ne ya ji ciwo, aka zauna aka ce kada a sake. Ba su ce wa mutum ya tsufa ya koma gefe ba. Kuma rabon shekara biyar-biyar ɗin nan yana yin wani abu a zuciya. Mai shekara 69 shi ne tsohon rukuninsa, yara 'yan 65 suna wuce shi a guje. Amma yana ɗokin shekara mai zuwa, domin da ya cika 70 zai koma ƙaramin yaro a sabon rukuni, kowace ƙungiya na zawarcinsa. A ina kuma ka taɓa jin mutum na murnar ƙarin shekara a wannan mataki?

Yanzu mu dawo gida. Dokar aikin gwamnati ta ce shekara 60 da haihuwa ko 35 da fara aiki, duk wanda ya riga zuwa. An ɗaga wa malaman makaranta zuwa 65 ko 40 a 2022, farfesoshi kuma 70, amma mu sauran muna nan a kan tsohon lissafi. Wanda ya kama aiki yana da shekara 22 zai fita yana da 57, da ƙarfinsa, da hankalinsa, da gogewar da ba a saye a kasuwa. Za a yi masa walimar bankwana, a yi jawabai, a ba shi agogon bango da lambar yabo. Daga nan sai majalisar ƙofar gida, sai masallaci, sai ɗaurin aure da jana'iza. Waɗannan duk alheri ne, su ke riƙe da zumuncinmu. Sai dai yawancinsu a zaune ake yin su, kuma babu wanda zai ce an fasa yau don wane bai zo ba.

Duk wanda ke aiki a ofishin da 'yan fansho ke zuwa tantancewa ya san abin da nake faɗa. Akwai wani maigidana da na yi aiki a ƙarƙashinsa, mutum mai kuzari, shi ke riga kowa zuwa ofis, ya hau bene hawa uku ba ya haki. Shekara uku da ritayarsa na gan shi a layi, da ƙyar na gane shi. Haƙƙoƙinsa sun fito, 'ya'yansa suna kula da shi, ba yunwa ba ce. Da na tambaye shi lafiya, sai ya ce babu abin da ke damun sa illa kwanakin duk sun zama iri ɗaya, ba ya bambance Talata da Asabar. Hawan jini da ciwon suga suna son irin wannan zama.

Na san abin da za a ce mini a ƙasan rubutun nan: Malam, mutumin da ya yi shekara biyu yana bin garatutinsa, shi za ka yi wa maganar wasa? Ai sai ciki ya cika ake tsalle. Ban musa ba, kuma babu filin wasan da zai maye gurbin haƙƙin mutum. A biya mutane kuɗinsu a kan kari, wannan ba alfarma ba ce. Amma a lura da shekarar da aka kafa kulob ɗin dattawan Filorida: 1930, a tsakiyar mummunan karyewar tattalin arzikin Amurka, bankuna na rufewa, mutane na layin abinci. Dokar fanshon tsofaffi ta ƙasar sai a 1935 aka sa mata hannu. Kenan dattawan nan sun riga fanshon fitowa fili da shekara biyar. Wasan kansa kuma da safar dambe da sanda aka fara shi. Neman haƙƙi da neman lafiya ba kishiyoyi ba ne, kuma wanda ya tsare lafiyarsa shi zai daɗe yana cin fanshon in ya fito.

Ba kuma cewa nake mu shigo da sofbol ba. Muna da namu. Ƙwallon bangon nan da ake bugawa da tafin hannu, wanda Turawa ke kira fives, ya shigo Arewa ta makarantun boko tun shekarun 1920, Sardauna ma ya yi suna da son sa, kuma har yau akwai dattawan da ke buga shi a Katsina da Sakkwato da Kaduna. Akwai wasannin ma'aikatan gwamnatin tarayya na shekara-shekara, FEPSGA, sai dai na waɗanda ke bakin aiki ne. Kusan kowane babban gari akwai ƙungiyar tsofaffin 'yan ƙwallo da ke fitowa safiyar Asabar ko Lahadi. Ni ma ina cikin wata. Matsalarmu ita ce da dokar samari muke bugawa: cikakken fili, mai 38 da mai 58 a gefe ɗaya, ana sharar ƙafa kamar za a ba da kofin duniya. Duk shekara sai mun rasa mutum biyu ko uku, wannan gwiwa, wancan ƙugu, kuma wanda ya tafi ba ya dawowa. A hankali ƙungiyar dattawa ta koma ta 'yan 35.

Abin da za mu ara daga Amurkawan nan shi ne tsarin, kuma ba ya cin kuɗi. A raba rukuni bisa shekaru, ko da biyu ne, 'yan ƙasa da 50 da 'yan sama da 50. A rage fili, a rage lokaci, a bar mutum ya fita ya huta ya dawo. A hana sharar ƙafa kwata-kwata. Ga waɗanda suka haura 60, akwai ƙwallon ƙafa ta tafiya da aka fara a Ingila a 2011, wadda in ka yi gudu ma laifi ne. A samu ma'aikacin lafiya cikin mambobi ya riƙa auna jini kafin a fara, wanda nasa ya hau ya zauna ya riƙe usur. A buɗe rajista, a rubuta sunan kowa da ranar da ya zo da ƙwallon da ya ci, domin abin da aka rubuta shi ake ɗauka da muhimmanci. A riƙa karo-karo duk wata kamar adashe, don kada ƙungiya ta dogara da aljihun mutum ɗaya. Filayen makarantun gwamnati a kulle suke ranakun hutu, takarda ɗaya zuwa ga shugaban makaranta ko sakataren ilimi tana iya buɗe su, kuma rubuta takarda ai sana'armu ce.

Kada a manta wadda na ba da labarinta mace ce. Iyayenmu da yayyenmu malaman makaranta da ma'aikatan jinya da suka yi shekara 35 a tsaye, su ma ritaya na zaunar da su wuri ɗaya, ciwon ƙafa da na baya su biyo. Makarantun 'yan mata masu katanga suna da fili, akwai malaman motsa jiki mata. Babu abin da zai hana a ware musu safiya ɗaya a mako, su kaɗai, cikin sutura da mutunci.

Abu na ƙarshe, kuma da 'yan uwana 'yan arba'in da wani abu nake. Dattijon da ke buga sofbol yana da 80 ba ranar da ya yi ritaya ya fara ba. Yawancinsu ba su taɓa dainawa ba ne, daga wannan rukuni suka gangara wancan. Jikin da ya yi shekara 25 a kan kujera ba zai tashi rana ɗaya ya ce zai yi gudu ba, abokan wasa kuma ba a tara su a wata guda. In muna son fili ya karɓe mu muna da 65, yanzu ne za mu kafa ƙungiyar, mu rubuta dokar, mu kuma jawo waɗanda suka riga mu fita, domin su ne za su fara cin moriyarta. Yadda ake cire mana kashi 8 cikin 100 duk wata don fansho, haka ya kamata mu riƙa cire safiya ɗaya a mako.

Mu a ƙungiyarmu mun sa maganar rukunin 'yan sama da 50 a ajandar zama mai zuwa. In akwai garin da suka riga suka yi irin wannan, ko a ƙwallon ƙafa ko a ƙwallon bango ko wani wasan, don Allah a faɗa mana yadda aka tsara, mu koya. Wanda kuma ya san wani tsohon maigidansa da ke zaune a gida, ya leƙa shi a makon nan, ya tambaye shi wane wasa ya iya a da.

Allah Ya ba mu tsawon rai mai amfani, Ya sa mu gama aiki lafiya.